Romiyo da Juliyet: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Wahala Ta Juya Ƙudirin Masoya

Ɗaliban adabin Turanci sukan ci karo da tambayar nan ta fuskoki daban-daban: me wahala ta yi wa ƙudirin masoyi a wasan Romiyo da Juliyet, gina shi ta yi ko rusa shi? Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawo a bakin ɗalibai da masu karatu don nishaɗi. An fara da na share fage kafin a kutsa cikin wasan sosai.

Wa ya rubuta wasan, kuma me ya faru a cikinsa a taƙaice?

Wiliyam Shekspiya, marubucin Ingila da ya rayu daga 1564 zuwa 1616, shi ya rubuta shi a tsakiyar shekarun 1590. An fara buga shi a 1597, wani bugu mafi cika ya biyo baya a 1599. Labarin ya girme shi: marubutan Italiya irin su Luigi da Porto da Matteo Bandello sun riga sun ba da shi, sannan Arthur Brooke ya mai da shi doguwar waƙa da Turanci a 1562. Daga wannan waƙar Shekspiya ya ɗebi mafi yawan kayan aikinsa.

A birnin Berona na Italiya, gidan Montegu da gidan Kafulet ba sa ga maciji da juna. Romiyo ɗan Montegu ya shiga walimar Kafulet a sace, ya ga 'yar gidan, Juliyet, suka kamu da son juna. Washegari wani limamin coci, Fada Lorens, ya ɗaura masu aure a ɓoye. A ranar ce Romiyo ya kashe Taibalt, ɗan kawun Juliyet, aka kore shi daga gari. Iyayen yarinyar, da ba su san tana da aure ba, suka sa mata rana da wani basarake mai suna Faris. Ta sha maganin da zai sa a ɗauka ta mutu, saƙon da zai sanar da Romiyo gaskiya bai isa ba, ya dawo ya sha guba a gefenta, ita kuma ta farka ta soka wa kanta wuƙarsa.

Wace wahala ake nufi, alhali dukansu 'ya'yan masu hali ne?

Gaskiya ne, babu wanda ya kwana da yunwa a cikinsu. Wahalarsu ta toshewar hanya ce. Ta farko ita ce gabar da suka gada, wadda wasan bai ma damu ya faɗi mafarinta ba. Ta biyu jinin da ya shiga tsakani ranar aurensu. Ta uku kora: Yarima Eskalus, mai mulkin garin, ya ce in aka sake ganin Romiyo a Berona, ranar ce ta ƙarshe gare shi. Ta huɗu auren dole. Sai ta biyar, wadda ɗalibai suka fi tsallakewa kuma ita ta fi kowacce aiki, wato janyewar mutanen da yaran suka dogara da su, ɗaya bayan ɗaya. An yi bayaninta a amsar da ta shafi safiyar Talata.

Cikin su biyun, wa ya fi dacewa in ɗauka a matsayin misali?

In da zaɓi, a ɗauki Juliyet. Sunan Romiyo ne a gaba, shi ne kuma mai takobi, amma sauyin da ake iya bi sawu-sawu a jikinta yake. Ta fara wasan tana yarinyar da ba ta ɗaga ido sai da izini, ta ƙare shi tana yanke shawarar da babu babba ko ɗaya a gefenta. Romiyo ma ya sauya, sai dai nasa sauyin tsalle ne: daga kuka zuwa fushi, daga fushi zuwa wani sanyi mai ban tsoro. Wanda ya iya jera su biyun gefe da gefe ya fi samun abin faɗa, don masifa ɗaya ce ta same su amma ba aiki ɗaya ta yi a kansu ba.

Yaya Juliyet take kafin abubuwa su rikice?

Ba ta cika shekara 14 ba. Da uwar goyonta ta tambaya, mahaifiyarta ta ce saura mako biyu da 'yan kwanaki. A kashi na 1, fitowa ta 3, mahaifiyarta ta tambaye ta ra'ayinta kan aure, ta amsa cewa daraja ce da ko a mafarki ba ta taɓa kawowa ba. Da aka ce ta duba Faris a wajen walima, ta ce za ta duba, amma idonta ba zai wuce inda iyayenta suka yarda ba. 'Ya ce mai ladabi ta ƙin ƙarawa.

Amma a lura, hankalin yana nan tun kafin wahala. A zancen da suka yi cikin dare a lambun gidansu, Romiyo yana ta rantsuwa da wata, ita ce ta hana shi, ta ce wata ai sauyawa yake yi. Ita ce ta ce abin nan ya yi sauri da yawa, kamar walƙiya. Kuma ita ce ta kawo maganar aure: in da gaske kake, ka aiko mini gobe da wuri da lokaci. Saboda haka kuskure ne a rubuta cewa wahala ce ta ba ta basira. Abin da wahala ta yi shi ne ta tilasta mata amfani da basirar ba tare da mai riƙe mata hannu ba.

A ina aka fara ganin ta tsaya da ƙafafunta?

A kashi na 3, fitowa ta 2. Tana zumuɗin jiran dare, awa uku kacal da ɗaura aure, sai uwar goyo ta shigo da tsanin igiyar da Romiyo zai hau, tana sallallami. Matar ta yi ta kwana-kwana har Juliyet ta ɗauka mijinta ne ya mutu. Da ta gane cewa shi ne ya kashe Taibalt, sai ta fara zaginsa, tana kiransa maciji mai fuskar fure. Amma da uwar goyo ta taya ta, ta ce kunya ta hau kan Romiyo, nan take yarinyar ta juya mata: harshenki ya yi ƙuraje.

Abin da ya biyo baya ya fi zagin muhimmanci. Ta zauna ta yi lissafi a fili: Taibalt ya so kashe mijina, mijina yana raye, wanda ya so kashe shi ne ya mutu, to kukan me nake yi? Sai ta gano cewa labarin korar ne ke cin ta. A cikin 'yan mintoci ta auna dangi da miji, ta zaɓa, ta cire zobe ta aika masa. Daga nan ba ta sake waiwaye kan wannan zaɓin ba har ƙarshen wasa.

Me ya sa ake cewa safiyar Talata ce cibiyar wasan?

Saboda a fitowa ɗaya, ta 5 a kashi na 3, mutum huɗu suka bar ta. Da asuba Romiyo ya sauka ta taga ya nufi birnin Mantuwa, inda zai yi zaman kora. Ko hawayenta bai bushe ba mahaifiyarta ta shigo da abin da ta kira albishir: ranar Alhamis za a ɗaura mata aure da Faris. Ta ƙi. Mahaifinta ya shigo, mutumin da kwana biyu da suka wuce ya ce wa Faris ya bari a ƙara shekara biyu, ya ce kuma yardarta ce a gaba. Yanzu ga shi yana cewa hannunsa na ƙaiƙayi, in ba ta je coci da ƙafarta ba zai sa a ja ta. Ta durƙusa tana cewa Baba ka saurare ni, kalma ɗaya kawai. Ya ce in ta ƙi, ta je ta yi bara, ta mutu da yunwa a titi, shi ba zai ƙara kiranta 'yarsa ba.

Ta juya ga mahaifiyarta ta roƙi a ɗaga auren ko da wata ɗaya, ko mako ɗaya. Uwar ta ce kar ki yi mini magana, na gama da ke. Saura mutum ɗaya, matar da ta shayar da ita, wadda ta san sirrin auren, wadda da ƙafarta ta kai saƙo ta kawo. Juliyet ta ce ki ba ni shawara. Uwar goyo ta ce ai Romiyo ya tafi ba zai dawo ba, ki auri Faris, in aka jera su Romiyo tsumman goge kwano ne. Wannan ya fi ihun uban ciwo, don cikin lumana aka faɗe shi, kuma da kyakkyawar niyya.

Duba abin da yarinyar ta yi. Ba ta yi gardama ba. Ta tambaya, har zuciyarki? Aka ce har zuciya. Ta ce to, kin kwantar mini da hankali matuƙa, je ki faɗa wa mahaifiyata na tafi wurin Fada neman gafara. Da ƙofa ta rufe sai ta ce daga yau sirrina da ke sun raba gari. A nan ne ta koyi ɓoye fuska, kuma a nan ne ta fara ambaton mutuwa a matsayin hanyar da ta rage in komai ya ƙi. Ƙarfin da raunin tare suka shigo, a numfashi ɗaya.

Shan maganin nan, jarumta ce ko wauta?

Shirin kansa sakarai ne, kuma ba nata ba ne (duba amsar da ke kan Fada Lorens). Amma yadda ta sha shi ne ya kamata a duba. Fada ya ce maganin zai riƙe ta awa 42 kamar gawa, a kai ta hubbaren danginsu, Romiyo ya zo ya ɗauke ta. Ta koma gida ta durƙusa wa mahaifinta ta ce ta tuba. Ta iya wasan fiye da kima: murna ta sa tsohon ya dawo da auren daga Alhamis zuwa Laraba, ya cinye kwana guda daga lokacin da ake buƙata don saƙo ya kai Mantuwa.

A kashi na 4, fitowa ta 3, ta sallami kowa daga ɗakinta. Tsoro ya kama ta har ta buɗe baki ta kira uwar goyo, sai ta katse kanta: me za ta yi a nan? Wannan aikin ni kaɗai zan yi shi. Daga nan ta shiga lissafa abin da ka iya faruwa. In maganin bai yi aiki ba fa? Ta ajiye wuƙa kusa. In guba ce Fada ya ba ta don ya rufa wa kansa asiri? In ta farka kafin Romiyo ya iso, iska ta ƙare mata a cikin ramin? In ta haukace a tsakiyar ƙasusuwan kakanninta, ga gawar Taibalt ɗanya a cikin likkafani? Duk ta hango su, jikinta na rawa, sannan ta ɗaga kwalbar ta shanye. Wanda bai san haɗari ba ya faɗa, ba a kiransa jarumi. Ita ta sani, ta ƙirga, ta faɗa.

Romiyo fa, me kora ta yi masa?

Da farko ta mai da shi yaro. Dama mai saurin narkewa ne: a farkon wasa, kan wata Rozalin da ba ta kula shi, yakan fita kuka da asuba, ya dawo ya kulle kansa a ɗaki ya rufe tagogi. Ranar aurensa ya yi ƙoƙarin zama babba. Taibalt ya zage shi a bainar jama'a ya ƙi zare takobi. Abokinsa Makushiyo ya shigar masa, Romiyo ya shiga tsakani don raba su, ta ƙarƙashin hannunsa aka soke abokin. Wato haƙurin da ya yi ne ya jawo mutuwar, ko aƙalla haka ya fassara ta. Ya ce son Juliyet ya sanyaya masa jini, ya koma ya kashe Taibalt.

A kashi na 3, fitowa ta 3, yana kwance a ƙasa a ɗakin Fada, yana cewa babu duniya a wajen ganuwar Berona, ko ƙuda ya fi shi gata tunda zai iya sauka a hannun Juliyet. Har wuƙa ya zare zai soki kansa. Fada ya tambaye shi, kai kuwa namiji ne? Ya lissafa masa sa'o'insa: matarka na raye, wanda ya so kashe ka shi ya mutu, hukuncin kisa ya koma kora. Lissafin da Juliyet ta yi wa kanta a fitowar da ta gabata ke nan, shi sai da wani ya yi masa. Mantuwar da ake maganar kuwa kimanin kilomita 40 ce daga Berona.

To me ya sa ya natsu haka da ya ji labarin mutuwarta?

Wannan ce fitowar da ta fi ba masu karatu mamaki, kashi na 5, fitowa ta 1. Mutumin da ya yi birgima kan kora ya ji labarin mutuwa bai zubar da hawaye ba. Ya ce wa taurari ya bijire masu, ya ce wa baransa Baltaza ya kawo takarda da tawada, ya nemo dawakin haya. Sau biyu ya tambaya ko akwai wasiƙa daga Fada. Aka ce babu, ya ce ba kome. A kan wannan “ba kome” komai ya lalace. Ƙudiri ya zo masa, amma irin wanda ba ya barin wurin tambaya.

Sai ya tuna da wani mai sayar da magani da ya gani, ramamme, cikin tsumma, shagonsa babu abin kirki sai su akwatuna wayam da kunkuru a rataye da busasshen kada. Dokar Mantuwa kisa ce ga mai sayar da guba. Romiyo ya miƙa masa kuɗin zinari 40, ya ce yunwa ta bayyana a kumatunka, dokar nan ba ta taɓa yi maka rana ba, karya ta. Mutumin ya karɓa yana cewa talaucina ne ya yarda, ba zuciyata ba. Duk mai rubutu kan wannan batu ya riƙe wannan layin, don a nan wasan ya faɗi da bakinsa abin da ƙunci ke yi wa niyyar mutum. A hubbare ma haka: Romiyo ya ga leɓɓan Juliyet da kumatunta da sauran ja, ya faɗa da bakinsa, ya yi mamaki, amma bai tsaya ya tambayi dalili ba.

Ƙaddara ce ta kashe su ko halinsu?

Wasan ya ba kowane ɓangare makami. Gabatarwarsa, mai layi 14, ta sanar tun farko cewa masoyan za su mutu, ta ɗora abin kan taurari. Tsautsayi kuma ya yi yawa: Fada Jon, mai kai wasiƙa, ya tsaya neman abokin tafiya, jami'an gari suka kulle su a gida bisa zargin annoba. Mutanen Landan sun san wannan da kyau, don annoba ta rufe gidajen wasa na birnin tsawon lokaci tsakanin 1592 da 1594.

Sai dai a bi kowane tsautsayi, za a tarar da hannun mutum kusa da shi. Annoba ta tsare wasiƙa, amma Kafulet ne ya matso da rana, Romiyo ne ya ƙi jira ko ya biya ta wurin Fada. A ganina ƙaddara a wasan nan taƙaita lokaci take yi, mutane su cika sauran da halinsu.

Me ya sa komai ke gudu haka?

Da gangan ne. A waƙar Brooke labarin ya ɗauki wata tara, masoyan har sun yi wata ɗaya ko biyu suna more aurensu a ɓoye kafin rikici. Shekspiya ya matse shi cikin kwana huɗu zuwa biyar: haɗuwa daren Lahadi, aure da kisa ranar Litinin, rabuwa safiyar Talata, “mutuwar” Juliyet safiyar Laraba. Ya kuma rage mata shekaru. A wurin Brooke tana dab da 16. Kada a ɗauka hakan al'adar Ingila ce a lokacin, domin yawancin mata a can sai sun haura 20 suke aure. Masu kallo na farko ma yarinya suka gani. Matsin nan shi ya hana fushin uba hucewa, ya hana labarin gaskiya riskar na ƙarya.

Fada Lorens taimako ya yi ko ɓarna?

Duka biyun. Shi ne mai cewa a bi a hankali, masu gudu su ke tuntuɓe, amma shi ne ya ɗaura aure cikin kwana ɗaya da fatan zai sasanta gidajen. Da Juliyet ta zo masa da wuƙa a hannu, yana da damar zuwa wurin Kafulet ya faɗi gaskiya. Hakan zai jefa shi cikin matsala, sai ya ɗauko kwalba. A hubbare kuma, da ya ji motsin masu gadi, ya ce mata ta zo ya kai ta gidan mata masu ibada, ta ƙi, ya ce ba zan iya tsayawa ba, ya gudu. Shi ne babba na ƙarshe da ya bar ta, ci gaban jerin da aka fara a safiyar Talata.

Wasan yana yabon kashe kai ne, ko bijire wa iyaye?

Mai karatun da ya tashi da sanin girman haramcin kashe kai da nauyin biyayya ga iyaye dole ya yi wannan tambayar. Mutanen zamanin Shekspiya ma haramun suka ɗauke shi, kuma Fada da kansa ya kira shi aikin la'ana lokacin da Romiyo ya zare wuƙa. Brooke ya fito fili a gabatarwar waƙarsa ya zargi masoyan da bin sha'awa da watsi da shawarar iyaye. Shekspiya bai ɗauko wannan wa'azin ba, bai kuma maye gurbinsa da yabo ba. Mutuwar Romiyo kan labarin ƙarya aka gina ta. Da ya yi jinkiri kaɗan da ya tarar da matarsa a farke. Mai kallo ya san haka, shi ya sa abin ke da ciwo maimakon burgewa.

Hukuncin ƙarshe kuwa kan manya ya faɗa. Yarima ya tsayar da Kafulet da Montegu a bakin hubbare ya ce su dubi abin da gabarsu ta jawo, ya haɗa da kansa don ya kau da kai ya rasa 'yan'uwa biyu. Mutum shida suka mutu, har da mahaifiyar Romiyo da baƙin cikin korar ɗanta ya kashe. Wanda ya san yadda maganar auren dole ke tashi a gidajenmu zai gane Kafulet da wuri: uba ne mai son 'yarsa, wanda ya ɗauki “a'a” ɗinta a matsayin cin fuska gare shi.

Faris fa, ba shi ma matashin masoyi ba ne?

Shi ne, kuma an fi mantawa da shi. Bai san da wani aure ba, ta hanyar da al'ada ta yarda ya bi, ya nemi izinin uba. Ko sau ɗaya bai tambayi Juliyet ra'ayinta da gaske ba. Da suka haɗu a ɗakin Fada har cewa ya yi fuskarta mallakinsa ce. Amma da aka ce ta mutu, shi ne ya zo cikin dare da furanni da ruwan turare, ya yi alkawarin zuwa kullum. Ya ga Romiyo da ƙarfen ɓalle ƙofa, ya ɗauka ya zo wulaƙanta gawa ne, ya tare shi. Romiyo ya roƙe shi ya tafi, ya ce kar ka tsokani wanda ya fid da rai. Ya ƙi, aka soke shi. Roƙonsa na ƙarshe shi ne a kwantar da shi kusa da Juliyet, kuma Romiyo, da ya haska fuskarsa ya gane ɗan'uwan Makushiyo ne, ya ɗauke shi ya shigar da shi.